Ruwan Farko Yana da Mai Shi

Da sunan Allah nake farawa. Daga hannun mahaifinka Ummaru, mai wanke-wanken otel a Agadas, zuwa gare ka ɗana, a Yamai ko a duk inda takardar nan ta riske ka.

Ina gaishe ka gaisuwar uba. Allah ya sa ka sauka lafiya, ya tsare ka daga ciwon baƙon ruwa da mugun aboki, ya sa waɗanda za ka yi wa aiki su ji daɗin zama da kai. Sunanka na rubuta a bayan takarda don mai mota ya san wanda zai miƙa wa. A ciki kuwa, ka san bakina bai saba kiran sunan ɗan fari ba, alƙalamina ma ba yau zai fara ba. Ajamina ka san halinsa, sai ka bi shi a hankali.

Labarin gida ba zan ba ka ba, kowa yana nan yadda ka bar shi. Abin da ya zaunar da ni rubutu wata magana ce da ka yi a tasha, ana ɗaure kaya a bayan kamyo, babbar motar nan. Ka ce makarantar kwanan da za ka kula da madafarta ta aika a kawo mata mashin ɗin wanke kwanoni irin na Madam ta otel ɗinmu, har ya fi shi girma. Ka yi dariya ka ce, “Baba, ai ko kai ka yarda mashin ya fi hannu tattalin ruwa.” Na ce na yarda, kuma har yanzu ban janye ba. Sai dai maganar tana da saura, tasha kuwa ba wurinta ba ne, ga jama'a, ga ƙanwarka Tima ta riƙe ƙafar wandonka ta ƙi saki.

Saurar maganar ta Tima ce. Shekarar da aka kawo mashin ɗin kana lekol, makarantar boko, a Damagaram. Ka dawo hutu ka tarar da ita fata da ƙashi, aka ce maka zafin bazara ne. Ba a yi maka ƙarya ba, amma nonon da take rayuwa a kansa ne ya kusa yankewa, kuma ta bakin daron wanke-wankena abin ya bi. Ba asiri ba ne, duk unguwa ta sani, kai ne dai ba ka nan. Yanzu da kai ne za ka riƙa cewa a zuba nan, a zubar can, gara ka ji yadda aka yi daga farko.

Ni a gidan da na tashi ban taɓa ganin an kwarara wa kwano ruwa ba. Kakarka in an gama cin tuwo sai ta kankare tukunya, ta goge akushi da rairayi, ta bi shi da toka, sa'an nan ta ɗebo ruwa a ƙoƙo ta ɗauraye su ɗaya bayan ɗaya, wannan ya juye wa wancan. Ita ke zuwa rijiya, saboda haka ta san nauyin abin. Ranar da na fara aiki a otel, ina saurayi ƙasa da shekarunka, na tarar da tano, babbar gangar ƙarfe, cike fal a bakin madafa, jakuna ne ke cika shi. Ban san lokacin da na mance tarbiyyar gidanmu ba. Na riƙa ɗaga faranti da hannu ɗaya, ina kwarara masa ruwa da ɗayan, ina jin daɗin ƙararsa a ƙasa. Nasaran da ke da otel ɗin a lokacin, mijin Madam, bai lura ba. Mai jakunan ruwa ne ya tsaya wata safiya ya dube ni sama da ƙasa.

Ya ce, “Kai ne sabon mai wanki?”

Na ce ni ne.

Ya ce, “To, jakina ya san da zuwanka tun kafin a gaya mini. Dubi bayanshi.”

Na duba, igiyar salka ta ci bayan jakin har ya yi ja. Kunya ta kama ni, daga ranar na koma wankin kakarka. A Yamai an ce kogi yana bakin gari, wasu gidajen ma famfo ake murɗawa. Za ka ji ruwa ba ya da nauyi don ba kai ka ɗauko ba. Ka tambaya ka ji wa ya ɗauko shi, ko mutum ne, ko dabba, ko wani ƙarfe da wani ke gadinsa cikin rana. Ina gaya maka wannan ne don kuskure ne mai sauƙin gyara, ni ma magana ɗaya ta gyara ni.

Daga nan na tsara aikina da daro huɗu, kuma da su na yi shekarun da ka sani. Na farko ruwa ne zalla, ba sabulu ba toka, a cikinsa nake ɗauraye maiƙo da romo da ɓarɓashin burodi da sauran shinkafa. Na biyu na sabulu ne. Na uku na ɗauraya ne, shi ne gobe zai zama na biyu. Na huɗu yana can gefe shi kaɗai, na farantin da ya taɓa naman alade da kofin da ya taɓa giya, ruwansa rami yake zuwa a rufe da ƙasa. Ruwan sabulu a yayyafa a tsakar otel don a kwantar da ƙura, in ya yi saura masu bugun tubali su kwashe. Ruwan farko kuwa na awaki ne.

Wannan ka san shi, amma ka san shi ne kamar yadda yaro ya san hanyar gidansu, bai taɓa tsayawa ya dube ta ba. A garin nan ruwan farko na kowane gida yana da mai shi. In gidan da awaki, nasu ne. In babu, akwai maƙwabciyar da ke aiko ƙwarya, kuma ba a taɓa zama an yi maganar ba, haka kowa ya tashi ya gani. Na otel ya fi na kowane gida kauri, don Nasara ba sa suɗe faranti. Mai shi kuwa Inna Gaisha ce, tsohuwar nan ta bayan gidanmu mai ɗingishi, wadda ba ta da kowa sai awaki biyu. Kullum bayan cin rana za ka gan ta a ƙofar baya da garwarta wadda ta lotse a gefe. In juye mata, ta ce sannu, in ce sannu, ta ɗora a ka ta tafi.

Da mahaifiyarku Hajara ta rasu, Allah ya ji ƙanta, Tima ko zama ba ta fara ba. Matar da ta karɓi shayar da ita ba ta daɗe ba ta bi mijinta Ingal. Madam ta ba ni madarar gwangwani, cikin yarinyar ya ƙi ta, duk abin da ta sha sai ya fito. Nonon akuya kaɗai ya zauna mata, mai ɗumi, wanda aka tatso yanzu. Inna Gaisha ta fara kawo shi kowace safiya, ta miƙa wa ƙanwata, Goggonka Rabi, wadda ta dawo gidan don renon yarinyar. Ni a lokacin na riga na fita aiki. Na san ana kawowa, na kuma yi wa tsohuwar godiya a hanya, na sa abin a cikin alherin maƙwabtaka. Ban taɓa haɗa garwar da nake cikawa da rana da ƙoƙon da ke shiga gidana da safe ba. Ka ji irin kan da ubanka yake da shi.

Ana nan sai Madam ta je ganin danginta ta dawo ta hanyar Aljeriya da mashin a bayan kamyo, an naɗe shi da barguna kamar marar lafiya. Ka gan shi, ba sai na siffanta maka da yawa ba: ƙarfe kamar rabin tano, da murfi, da kwandunan waya a ciki, da hannun juyawa a gefe. A jera faranti, a zuba ruwan zafi, a barbaɗa wani farin gari mai cin fata, a rufe, a yi ta juyawa ruwan yana dukan kayan a ciki. Sai a zare toshiyar ƙasa ya fita, a sake zuba mai tsabta. Wannan na biyun a tare shi, da shi za a fara zubi na gaba.

Madam ta ce ba don ta kore ni ta kawo shi ba, ai dole wani ya juya hannun. Ta ce saboda ruwa ne. Rijiyoyi suna ja da baya kowace bazara, mai jakuna yana ƙara nisa, baƙi kuma suna ƙaruwa tunda motoci suka yawaita a hanyar arewa. Gaskiya ta faɗa, amma ni ba gaskiyar na ji ba. Abin da na ji shi ne an kawo ƙarfe daga ƙasar da ruwa ke zuba daga bango ya koya wa ɗan Agadas tattalin ruwa. Na je bakin kasuwa wajen masu dukanci inda nake zaman hira, na cika baki na ce a gwada mu. Na koma otel na faɗa wa Madam haka a gaban Sidi mai girki.

Ta ce to. Ranar da motoci suka sauke baƙi da yawa, aka raba kwanonin cin rana kashi biyu daidai. Aka ba ni nawa ruwan, aka ba mashin nasa, Madam ta ja layi da gawayi a cikin kowace garwa. Na yi wankin da ban taɓa yin irinsa ba, ina lallaɓa ruwan kamar mai. Sidi ya juya mashin yana waƙa. Da aka gama aka duba layin gawayi, mashin bai sha rabin abin da na sha ba. Madam ta ɗaga faranti ɗaya nawa, ɗaya nasa, ta shafa yatsa a kan kowane. Nasa har ƙara yake yi, nawa da sauran santsi.

Ta ce, “Wala!” Haka suke cewa in magana ta ƙare.

Sidi ya yi dariya har ya zauna a kan turmi. Ya ce, “Ummaru, mi ya rage? Sai ka je ka gaida maigidanka, ga shi nan da murfi.”

Ina so ka riƙe wannan da kyau, don za ka haɗu da masu irin halina a can, tsofaffin ma'aikata da za su rantse maka hannunsu ya fi. In an auna, ka karɓi abin da awo ya nuna. Mashin ya fi ni tattalin ruwa, ya kuma fi ni fitar da maiƙo, don yana jure zafin da hannu ba ya jurewa. Itace yake ci fiye da ni, wannan gaskiya ne, amma tafin hannuna da ya shekara yana tsagewa ya warke a wannan shekarar, jakunan ruwa ma suka samu sauƙi. Wanda duk ya ce maka ƙarya ne, girman kai ke magana a bakinsa. Na san muryar don na yi amfani da ita.

Da na tsaya a nan, da ba abin da ya faru sai dariyar Sidi. Amma fushi na yi, irin fushin da ba a nuna wa wanda aka yi dominsa. Na ce a raina, tunda mashin ne gwani, to ya yi duka. Na kife daro huɗun nan a bayan madafa. Kowane faranti daga tebur sai cikin kwando, da romonsa da shinkafarsa, na alade da na rago duk wuri ɗaya. Abin da ke fitowa ta toshiyar ƙasa ruwa ne guda, fari-fari, mai kumfa da warin farin garin nan, ba na akuya ba, ba na tubali ba. Na riƙa ɗauka ina watsawa bayan katanga.

Washegarin gwajin Inna Gaisha ta zo da garwarta kamar kullum. Na ce mata, “Inna, yau babu. Mashin ya cinye.” Na faɗe shi da ɗaci, ina so ta taya ni jin haushin Madam. Ta leƙa ta dubi mashin ɗin, ta dubi darona a kife, ta ce, “To, sannu da aiki.” Ta sake zuwa kashegari, na sake faɗa mata haka. Daga nan ba ta ƙara zuwa ba, ni kuma na ce ashe ma ba ta damu ba.

Lokacin bazara ta kama sosai. Buzaye sun ja dabbobinsu can nesa wajen rijiyoyin daji, nono a kasuwa sai mai tsami, shi ma sai wanda ya yi sammako. Ciyawa babu ko ta rantsuwa, awakin gari suna cin tsumma da igiya. Bayan wasu kwanaki Sidi ya ce mini an ga akuyar Inna, baƙar, a kwance bayan katangar otel cikinta ya kumbura, ko yankawa ba a samu yi ba. Ta saba bin tsohuwar zuwa ƙofar baya, ta zo ita kaɗai ta sha abin da na watsar. Na ce Allah ya mayar mata da alheri, na haƙa rami na riƙa zuba ruwan a ciki ina rufewa. Ka lura, na gyara wajen zubarwa, amma har lokacin ban tambayi kaina me ɗaya akuyar take ci ba. Kai dai duk inda aka kafa muku mashin ɗin, kafin a fara zuba masa ruwa ka sa a haƙa ramin da ruwansa zai shiga, a rufe shi da abin da akuya ko yaro ba zai ture ba.

Ranar wata Juma'a baƙi ba su zo ba, Madam ta ce in huta har azahar. Shi ya sa ina gida da hantsi lokacin da Inna Gaisha ta yi sallama. Ta miƙa wa Goggonka ƙoƙo, ta gaishe ni, ta juya. Na ga tana dafa bango tana tafiya, na ce tsufa ne. Sai na leƙa ƙoƙon. Nonon da ke ciki ko gindinsa bai rufe ba. Rabi ta ɗebo ruwa ta ƙara a kai, ta ɗauko Tima daga tabarma. Na daɗe ban dubi yarinyar da rana ba, ina fita tana barci, ina dawowa an goya ta. Wuyanta ya zama kamar na ɗan tsako, kuka take yi amma murya ba ta fita.

Na ce, “Rabi, wannan ne nonon?”

Ta ce, “Shi ne.”

Na ce, “Tun yaushe?”

Ba ta dube ni ba. Ta ce, “Yaya, akuya da mi za ta yi nono? Da kumfar mashin?”

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, ko ranar da aka fito da mahaifiyarku. Na ce mata me ya hana ta gaya mini. Ta ce ta ɗauka na sani, ai kowa ya sani, kuma ta ga raina a ɓace yake tun ranar gwajin, ba ta so ta ƙara mini. Na sa takalmi na bi tsohuwar.

Na same ta a tsakar gidanta a tsugune gaban jar akuyar da ta rage. Ta dama furarta a ƙwarya, ta tsinka ta da ruwa, ta ajiye wa akuyar, tana riƙe da bakin ƙwaryar don kada ta kife. Na dubi murhunta, tokar ta kwana biyu ba a taɓa ta ba. Tulunta ma na ɗaga, saura kaɗan a gindi, ga rijiya da nisa ga mai ɗingishi.

Na ce, “Inna, ke mi kika ci?”

Ta ce, “Tsohuwa ba ta cin da yawa.”

Na ce, “Don Allah mi ya hana ki ce mini ruwan nan shi ne nonon ɗiyata? Da kin faɗa tun ranar farko, da ko Madam ta so ko ta ƙi sai na cika miki garwa.”

Ta ɗago ta dube ni kamar na yi maganar banza a gaban manya. Ta ce, “Ummaru, in na ce ka ba ni ruwa in ba ka nono, ai ya zama kasuwa. Ni ban saida ma ɗiyar Hajara nono ba. Kai ma ba saida mini ruwa kake ba.”

Na ɗauki tulun na tafi rijiya, na aika Rabi ta kawo mata tuwo da abin da ya rage mana na dusa. Ka riƙe wannan ma: mutanenmu ba za su ce maka ka cuce su ba. Za su ce sannu da aiki, su daina zuwa. In wanda ya saba tsayawa a ƙofarka ya ɓace, kada ka ce bai damu ba, ka bi shi gida ka ga me yake ciki.

Da azahar na je wajen Madam na gaya mata komai, ba tare da na ɗora wa mashin laifi ba, don ba shi da shi. Na roƙe ta ta bar ni in riƙa ɗauraye faranti a daro ɗaya kafin su shiga kwando. Ta girgiza kai. Ta ce in an ɗauraye kafin a sa a mashin, to an yi wanki biyu ke nan, ruwan da aka tsira da shi ya koma inda ya fito, gara ma a jefar da ƙarfen. Raina ya sake tashi, na buɗe baki zan ce to zan riƙa ɗauko ruwan daga rijiya a kaina. Ita kuwa ba ta gama ba, tana kallon Sidi ne. Yana tsaye a bakin madafa da tukunyar makaroni, zai tsiyaye ruwan a ƙasa kamar yadda ya saba. Ta daka masa tsawa ya tsaya da tukunyar a hannu.

Ta ce wancan fa? Da ruwan da ake wanke shinkafa, da wanda ake dafa dankali, ina suke zuwa? Sidi ya ce ƙasa. Shekara da shekaru muna madafa ɗaya da shi, ni ina lallaɓa nawa ruwan, shi yana zubar da nasa a bayan ƙafata, ba wanda ya taɓa lura a cikinmu. Daga ranar aka ajiye daro a gefen murhu, duk ruwan dafuwa mai tsabta a ciki yake taruwa. Da shi nake ɗauraye farantan da ba su taɓa haram ba kafin su shiga kwando, ba a taɓa tano ba ko da ƙoƙo ɗaya. Ruwan farko ya dawo, ya ma fi na da kauri, ga ɗan gishiri a ciki wanda awaki ke so. Mashin kuma da ya daina haɗiyar shinkafa sai ruwansa ya riƙa kai zubi biyu kafin a canja. Dabarar ta Madam ce, ban taɓa cewa tawa ba ce. Da na je mata tun ranar da na kife darona, a ranar za ta faɗe ta.

Ban bar Inna ta ƙara ɗaukar garwa ba, ni nake kai mata a kaina, masu dukanci suna yi mini kirari in na wuce. Nonon akuya ba ya dawowa rana ɗaya. A hankali ya rufe gindin ƙoƙo, a hankali ya kai rabi, Rabi ta daina ƙara ruwa. Lokacin da ka zo hutu Tima ta riga ta fara farfaɗowa, abin da ka gani ka tsorata, mu a wajenmu sauƙi ne.

Inna Gaisha kuwa ba ta farfaɗo ba. Tuwon da muke kai mata sai ta ɗan taɓa ta ture, ta ce cikinta ya saba da kaɗan. Ta kwanta kafin hadarin farko, ta rasu ƙoramar Telwa ba ta kawo ruwa ba tukuna. Ba zan ce ni na kashe ta ba, tsohuwa ce kuma ajali na Allah ne. Amma na san kwanakin da ta yi tana ba akuya furarta, na kuma san inda darona yake a kwanakin. Ina jin zafin abin har yau, ba kullum ba, sai in na ɗaga garwar nan mai lotsattsen gefe. Ita ce wadda ka ce in jefar in samo sabuwa. Kafin ta rasu ta ce wa Rabi jar akuyar ta Tima ce, garwar kuma a bar mini. 'Ya'yan akuyar ne ka ga suna cin igiyar kayanka ranar tafiya.

To, ga abin da nake so da kai. In mashin ɗinku ya iso, ka karɓe shi hannu biyu, ka koyi aikinsa, kada ka bar kowa ya yi masa wanki biyu don gardama. Zai rage muku ruwa, wannan na gani da idona. Amma Madam da ni duka abin da ke shiga muka auna da gawayi, ba wanda ya ja layi a kan abin da ke fita. Makarantar da yara masu yawa ke cin abinci ba ta rasa wanda ke rayuwa a bayan madafarta, ko mai awaki, ko mai kaji, ko mai ɗan lambu. Ba a rubuta sunansa a ko'ina ba, wanda zai miƙa maka aiki ma mai yiwuwa bai san da shi ba. Saboda haka tun kafin a kwance mashin daga bargunansa, ka bar ofis ɗinka bayan cin rana, ka zagaya ƙofar baya, ka tsaya a lokacin da ake zubar da ruwan wanke-wanke. Ka ga wa ke tsaye a wurin da garwa. Ka gaishe shi, ka tambayi inda yake kai ruwan, in ya yi maka kwana-kwana ka bi shi ka gani. Ba zai gaya maka da bakinsa ba.

Sauran nasihohi na sallah da abokai da kama kai, malaminka da Goggonka sun yi maka su har sun gaji, ba zan maimaita ba. Ni abin da na sani ke nan, a bakin daro na koye shi.

Allah ya tsare ka a zaune da tafe, ya kiyaye ka daga kogin da ba ka san zurfinsa ba, ya ba ka lafiya da abinci mai albarka, ya sa kada wani ya kwana da yunwa ta dalilinka kai ba ka sani ba. Allah ya ji ƙan mahaifiyarka da Inna Gaisha, ya dawo mana da kai muna raye. Rabi tana gaishe ka, Sidi ma ya ce in gaishe da babban ma'aikaci.

Tima tana nan gefena tana taɓa tawada. Ɗazu da muka dawo daga ba awaki ruwa ta tambaye ni ko a Yamai akwai awaki. Na ce akwai. Ta ce to wa ke ba su ruwan farko? Na ce yayanki zai duba ya gaya mana. Kada ka mai da ni maƙaryaci a wajenta.

Wassalam. Mahaifinka, Ummaru.